Wutar da Kawu Mati Ya Kai Yasore

Shekara huɗu ke nan da Ikrima ya gama difloma a fannin lantarki, kuma tun ranar da ya dawo Batsari da takardarsa a cikin leda ba a taɓa kiransa ya ɗaura ko da soket ba. Ba laifinsa ba ne duka. Unguwar da wuta ke leƙowa ta koma kamar baƙon da ya yi ɓatan hanya ba ta cika neman mai gyaran wuta ba. Amma shi ma bai matsa ba. Yana da tsohuwar laftof da yayansa ya bar masa, a cikinta kuma akwai wasan da ke cinye masa yini.

Wasan gini ne. Duniya ce guda da aka yi da tubala: ƙasa tubali, itace tubali, ruwa tubali, hatta ranar da ke sama kusurwa huɗu gare ta. Mutum ya sari itace, ya haƙa rami, ya ciro dutse da ƙarfe, ya gina abin da ransa ke so. Daga baya wani abokinsa ya ɗora masa wani ƙari da suke kira mod, wanda ya shigo da injuna cikin wasan. A nan Ikrima ya samu aikin da makaranta ta yi masa alkawari. Ya haɗa janareta da ƙarfe da batir da murhu, ya zuba masa gawayi, ya ga wuta ta kama a cikinsa. Ya ja wayar tagulla zuwa akwatin batir, daga can zuwa injin niƙa dutse, daga can zuwa fitilu. Kafin wata uku ya gina gari sukutum, da tituna da masallaci da kasuwa, kowane lungu da fitilarsa.

Kullum da safe yakan kai laftof ɗin shagon caji da ke bakin tasha, ya jira ta cika, ya dawo ya haskaka garinsa na awa biyu kafin batir ya mutu.

Matarsa Naja'atu ɗinki take yi da keken ƙafa, da shi ake cefanen gidan. Wata rana tana hura dutsen guga ta leƙo ta kan kafaɗarsa ta ce, "Maigida, in janaretan naka ya rage gawayi ka sam mini, kayan mutane nake son gogewa."

"Ba za ki gane ba," in ji shi.

"Na gane mana. Can akwai wuta, nan akwai mu."

A wannan makon ne Kawu Mati ya zo. Ƙanin mahaifiyar Ikrima ne, ɗan kasuwar hatsi, yana sayen gero da dawa a Batsari ya kai Safana, wani lokaci har Zakka. Sau biyu ya nemi takarar kansila, sau biyu aka ba shi haƙuri, yanzu kuma ya sake ɗinka manyan riguna. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi gida an tambayi damina, idonsa ya faɗa kan laftof.

"Kai, wannan wane gari ne haka?"

"Ni na gina shi, Kawu. Wasa ne."

Kawu Mati mutum ne da kunnensa ke tace magana, ya ɗauki wadda ta yi masa ya zubar da saura. Ya ji "ni na gina shi". Ya jawo kujera ya zauna, ya sa Ikrima ya zagaya da shi titi-titi. Da suka isa ɗakin janareta ya ga wuta na ci a cikin wani akwati, sai ya dafa ƙirji.

"Wannan shi ke ba garin nan duka wuta?"

"Shi ne. Guda uku ne, gawayi suke ci."

"Gawayi! Ba fetur ba?" Kawu ya miƙe tsaye. "Ikrima, Allah ya ajiye ka a ɗaki kana zaune kan arziki. Turawa ma da taswira suke farawa. Ranar Asabar ina da taro a Yasore. Abokin hamayyata ya kai musu sabulu da atamfa. Ni wuta zan kai."

"Kawu, ai na ce maka wasa..."

"Injiniya," Kawu ya katse shi, ya dafa kafaɗarsa. "Daga yau sunanka ke nan. In na hau, kai ne mai ba ni shawara kan harkar lantarki."

Shekara huɗu ba wanda ya kira shi da wannan suna sai don zolaya. Ikrima ya buɗe baki zai sake cewa wasa ne, kalmar ta ƙi fitowa. Ya ce, "Allah ya kai mu Asabar."

Kwana ukun da suka rage Kawu bai bar shi ya huta ba. Ya ce a sa wa garin suna Sabuwar Yasore. Ya ce a gina wa mai unguwa bene. Ya ce a rubuta MATI da tubala masu haske a ƙofar gari, kowane harafi ya fi masallacin tsawo, sai da Ikrima ya roƙe shi aka rage. Daga ƙarshe ya ce janareta uku sun yi kaɗan ga mutumin da ke neman kujera, a mai da su goma sha biyu.

Ikrima ya yi. Ya jera janareta goma sha biyu, ya haɗa su da babban akwatin batir mai fitar da wuta mai ƙarfi. A dokar wasan, irin wannan wuta ba a kai ta ga ƙananan injuna kai tsaye, sai an sa taransifoma a tsakani ta rage mata ƙarfi. In ba haka ba injin ya fashe. Ikrima ya san wannan sarai. Amma taransifoma na buƙatar tagullar da ba shi da ita, haƙo ta kuma na buƙatar lokaci, batir ɗin laftof kuwa ya mutu ranar Juma'a da yamma shagon caji a rufe. Sai ya sa makunni tsakanin sabon layi da tsohon, ya bar shi a kashe. Ya ce a ransa, za a gani da ido ne kawai, ba wanda zai taɓa.

Ranar Asabar bayan la'asar suka isa Yasore a motar ɗaukar hatsin Kawu. A bayan motar akwai babbar talabijin naɗe da bargo, da lasifika, da janareta na gaske, da mai shi. Sunansa Manu, ɗan Safana, gyaran janareta da ba da hayarsa ne sana'arsa. Ya haura arba'in, faratansa baƙi ƙirin da bakin mai, ba shi da yawan magana. Da Kawu ya gabatar masa da Ikrima a matsayin Injiniya, Manu ya dubi tafin hannun Ikrima mai laushi, ya ce, "Madalla," ya ci gaba da warware waya.

Aka kafa talabijin a bakin zauren mai unguwa inda inuwa ta sauka. Dattawa suka zauna kan tabarmi, magidanta suka tsaya a baya, tsofaffin mata suka yi gungu a gefen katanga. Manu ya ja igiya sau ɗaya, janaretansa ya tashi. Kawu ya karɓi makirfo ya yi magana ta kusan rabin awa. Ya ce duhu ya ƙare. Ya ce sabulu wanki biyu ne ya narke, amma wuta gado ce. Ya ce abin da za su gani yanzu shi ne Yasore nan da shekara guda in Allah ya ba shi kujera, kuma ɗan 'yar'uwarsa ne ya zana shi da ilimin zamani.

Ikrima ya haɗa laftof da talabijin. Garin ya bayyana.

 Sai wani dattijo a sahun gaba ya ce, "To gonakin fa?"

"Suna bayan gari, Baba," in ji Kawu da sauri. "Injiniya, wuce."

Ikrima ya wuce. Wata tunkiya ta tsallaka titi, kanta kamar kwali, ƙafafunta kamar guntayen katako. Aka fara ƙus-ƙus. Wani makiyayi ya tambaya ko ciwo ne ya kama ta. Kafin a ba shi amsa wata dabba gajera mai launin hoda ta fito daga bayan kasuwa tana kaɗa hanci. Ikrima ya manta sam akwai aladu a ciki, don wasan da kansa yake haifo su. Ya juya fuskar allon da sauri, amma an riga an gani.

"Alhaji Mati," liman ya ce a hankali, "wancan abin da ya wuce, mene ne?"

"Rago ne, Allah gafarta Malam. Irin na ƙasar waje. An yi masa aski."

Liman ya ja carbinsa.

Allah ya taimaki Ikrima, a daidai nan rana ta faɗi a cikin wasan, don can yini guda bai fi minti ashirin ba. Allon ya yi duhu, sai fitilu suka kama, titi bayan titi, har benen mai unguwa ya yi fes. Wannan kam ya yi kyau, kowa ya gani. Mai unguwa ya gyara rawaninsa. Wasu suka yi kabbara. Ikrima ya ji daɗi, ya karɓi makirfo ya fara bayani: ga janareta, ga inda ake zuba gawayi, ga akwatin da ke tara wuta. A can bakin gari, inda haske ya ƙare, wasu baƙaƙen halittu na ta kai-kawo. Aka tambaye shi su wane ne. Ya ce miyagu ne masu fitowa cikin duhu, amma duk inda fitila take ba sa iya ɓullowa.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Dattijon nan na sahun gaba ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Da ma haka abin yake."

Daga gefen katanga wata tsohuwa ta matso. Inna Tasalla ce, mai ƙuli-ƙuli, wadda duk Yasore an san ba ta sayen abu sai ta ƙwanƙwasa shi. Ba ta nemi makirfo ba, muryarta ta ishe ta.

"Ɗan nan, ka ce mi yake ci?"

"Gawayi, Inna."

"Goma sha biyu, duk gawayi? Mu da itacen tuwo ke gagararmu? Wa zai shiga dajin ya yo?"

Ikrima ya ce ai samun itace ba wuya, bari ya nuna mata. Ya kai mutumin cikin wasan gindin wata bishiya, ya shiga naushinta da hannu. Tubali ɗaya ya fice daga tsakiyar gangar jikin, sauran bishiyar ta tsaya a sama ba abin da ke riƙe da ita. Wurin ya ɓarke da dariya, har wani ya riƙe ciki.

Inna Tasalla ba ta yi dariya ba. "To na ji. Wancan injin da ke juyawa fa, yana markaɗa gyaɗa?"

"Dutse yake niƙawa, Inna."

"Dutse. Mati, ka ji? Wata biyar injin markaɗenmu na kwance, muna ɗaukar gyaɗa a ka har Batsari, kai kuma ka kawo mana mai niƙa dutse. Tuwon tsakuwa za mu yi?"

Kawu ya ga taron na zamewa daga hannunsa. Ya ƙwace makirfo ya ce duk wannan somin taɓi ne, ƙananan injuna uku ne kawai ke aiki, manyan ba a kunna su ba tukuna. Ya ce yanzu a gaban kowa shi da kansa zai ƙaddamar da babban layi. Ya juyo ga Ikrima. "Ina makunnin?"

Ikrima ya rage murya. "Kawu, kar a taɓa shi. Babu taransifoma."

"Wace taransifoma? Mu da muka zo raba mutane da jiran taransifoma? Nuna mini inda zan danna."

"Wallahi Kawu fashewa zai yi."

"Kai, kar ka kunyata ni a gaban surukaina."

Makirfon na kusa da bakinsu, don haka kowa ya ji. Ikrima ya kai 'yar kibiyar allon kan makunnin ya janye hannunsa. Kawu ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya nemi liman ya yi addu'a, liman ya yi gajera. Sannan ya yi bisimilla da ƙarfi ya danna.

Ƙarar ta fito ta lasifikar Manu kamar an harba bindigar toka a cikin zaure. Mutanen baya suka watse, wata akuya ta tsinke igiya. A allon, injin niƙa ya tashi, na kusa da shi ya bi, wayoyi suka ƙone, fitilu suka mutu gaba ɗaya. Da hayaƙi ya lafa sai ga wani ƙaton rami a inda kasuwa take, benen mai unguwa saura bango ɗaya da matattakala mai hawa zuwa babu. Halittun nan na bakin gari kuwa suka shigo suna yawo kan titi hankali kwance.

Mai unguwa ya ce, "Gidan nawa ke nan?"

Kawu bai yi ko gezau ba. Ya ɗaga hannu ya ce jama'a su shaida, 'yan hamayya sun shiga cikin na'urar, daman an gaya masa sun ɗauko yaran kwamfuta daga birni.

Ikrima ya miƙe. Gumi ya jiƙa masa riga, kuma abin da ya fi ƙona masa rai ba kunyar ba ce, wata ukun da ya yi yana gini ne suka tafi a dannawa ɗaya. "Ba wanda ya shiga," ya ce. "Wasa ne. Wasan kwamfuta ne, irin wanda ake yi don a rage lokaci. Ba taswira ba ce, ba a taɓa kunna ko ƙwan fitila ɗaya da shi ba. Na faɗa wa Kawu tun farko, sannan na yi shiru don ya kira ni Injiniya. Ku yafe mini."

"Ai mun sani tun daga tunkiya," in ji Inna Tasalla. "So muke mu ga inda kawunka zai tsaya."

Sai ta juya ga Manu, wanda tun ɗazu yake zaune kan jarka kusa da janaretansa. Ta ce ta lura tun da aka zo nasa injin bai yi ko tari ba. Ta tambaye shi ko yana duba na markaɗe. Manu ya ce inji inji ne. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa, rabin taron suka bi shi zuwa wata rumfar kwano a bayan masallaci, aka bar Kawu da makirfo da dattawa uku da ƙafa ta hana su tashi.

Manu ya tsuguna gaban injin, ya shinshina tankin, ya ja igiya ya saurara. Ya ce, "Injiniya, miƙo sifana mai lamba goma."

Ikrima ya zuba hannu a jaka ya miƙa masa wata.

"Wannan sha huɗu ce. Lambar na jikinta, da boko aka rubuta."

Matan da ke tsaye suka kwashe da dariya. Ikrima ya nemo ta goma. Manu ya kwance kafireto, ya wanke shi da fetur a cikin gwangwanin madara, ya hura wata ƙaramar ƙofa da bakinsa, ya kankare fulogi, ya ɗaure bel da ya saki. Bai kai awa ɗaya ba. Da ya ja igiya karo na uku injin ya yi tari, ya yi baƙin hayaƙi, ya kama. Inna Tasalla ta rangaɗa guɗa, kafin a ce kwabo mata sun fito da kwanonin gyaɗa sun yi layi.

Ƙarar injin ce ta jawo Kawu. Ya ratso mutane ya tsaya kusa da rumfar, ya ce a ɗauke shi hoto. Ya shaida wa jama'a cewa wannan shi ne kashi na farko na shirinsa, wancan na talabijin kashi na biyu ne. Inna Tasalla ta ce ya matsa, rigarsa za ta shiga bel.

A hanyar komawa Kawu ya zauna gaba. Ikrima da Manu na baya tare da kaya, motar na jijjiga su. Sun wuce rabin hanya Manu ya yi gyaran murya.

"Can a talabijin, wutar ta fi ƙarfin injin ne, ko?"

"E."

"Kuma ka sani."

"Na sani."

"To kanka na aiki. Hannun ne bai san komai ba." Sannan ya ƙara da cewa, yana kallon gonakin gefen hanya, "Abin nan naka, yana shiga kowace kwamfuta? Akwai wata a shagona da wani ya bari."

Takarar dai Kawu bai samu ba. An ba shi haƙuri karo na uku, kuma har yau yana cewa ramin nan ne aka kai rahotonsa sama. Ya daina kiran Ikrima Injiniya, ya koma kiransa "ɗan gidan Yaya".

Ikrima kuwa ya fara zuwa Safana kwana huɗu a mako. Da safe Manu ya sa shi wanke kafireto da kwance tanki, yana zaginsa a kan kowane ƙusa da ya ɓatar. Bayan azahar, in babu aiki, su juya: Ikrima ya zama malami, Manu ya zauna gaban kwamfuta da yatsunsa masu kauri yana neman harufa. Sati biyu ya yi yana faɗawa rami a cikin wasan. A na uku ya haɗa janaretansa na farko, ya ƙi jona masa komai sai da ya bi wayar tubali-tubali ya tabbatar da kowace mahaɗa.

Wata Laraba wani mai shagon aski ya shigo da ƙaramin janareta a kafaɗa, ya ce tun jiya ya ƙi tashi, ga mutane na jira. Manu bai ɗago daga allon ba, yana can ƙarƙashin ƙasa ya ci karo da jijiyar tagulla.

"Ikrima, duba masa."

Mai askin ya dubi Ikrima sama da ƙasa. "Ya iya kuwa?"

"In ya ɓata ka dawo gobe," in ji Manu. "Yau ina da aiki."